YADDA 'YAN KATOLIKA KE RIƘON ADDININSU A ƘASAR BAURE

Daga Wakilinmu

Duk ma'aikacin da aka taɓa miƙa wa takardar canjin wurin aiki zuwa Baure ya san irin tambayoyin da ke fara faɗo wa mutum a rai: ina zan sami ɗakin haya, yaya sha'anin ruwan sha, wace rana kasuwa ke ci, kuma ƙarfe nawa motar ƙarshe ke tashi zuwa Daura. Musulmi ba ya tambayar inda zai yi salla, domin kafin ya gama sauke kayansa ladan ya riga ya ba shi amsa. Amma akwai wani ma'aikacin da aka ba takarda iri ɗaya, albashinsu ɗaya, mai yiwuwa ma mota ɗaya ta kawo su, wanda babbar tambayarsa ita ce inda zai sami limaminsa ran Lahadi. Wannan shi ne mabiyin ɗariƙar Katolika, kuma a kan yadda yake riƙon addininsa a wuri irin wannan ne muke so mu ɗan yi bayani, don sau da yawa teburinsa na jingine da namu a ofis, amma ba mu san komai game da shi ba in ban da cewa ba ya zuwa masallaci.

Baure dai hedkwatar ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka haɗu suka yi masarautar Daura, watau Daura, Mai'aduwa, Sandamu, Zango da ita Bauren. Tana gabas da birnin Daura, tafiyar kimanin kilomita 50 in an bi ta Zango. Arewa da ita Jamhuriyar Nijar ce, daga kudu kuma ta yi iyaka da ƙasar Ɓaɓura ta jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 an sami mutanenta kusan dubu 200, akasarinsu manoman gero da dawa da wake da gyaɗa, da makiyaya, da 'yan kasuwar kan iyaka. Gari ne mai tarihi, gama bayan da jama'ar jihadi suka ci Daura wajen 1805, gidan tsohuwar sarauta ya rabu, wani reshe ya zauna a Zango, wani a Baure, har zuwa 1906 lokacin da Turawa suka mai da Malam Musa kan gadon kakanninsa a birnin Daura. Musulunci ya daɗe da kafuwa a nan, kuma shi ne ke tsara lokutan yini, da na kasuwa, da na biki, da na makoki.

Cikin wannan jama'a 'yan Katolika 'yan ƙalilan ne, kuma mafi yawansu aiki ne ko fatauci ya kawo su. Akwai malaman makaranta da ma'aikatan jiyya, akwai 'yan sanda, akwai ma'aikatan kwastan da na shige da fice da akan turo bakin iyaka irin ta Babban Mutum, akwai samari da 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda tun daga 1973 ake rarraba su jihohin da ba nasu ba, sa'an nan ga masu kantin magani da masu sayar da kayan gyaran babur da mota. Wasu daga kudancin Kaduna suke, wasu daga Filato ko Binuwai, wasu daga ƙasar Ibo. Akwai kuma waɗanda mai karatu ba zai taɓa shaida su ba sai sun faɗa da bakinsu, domin Hausawa ne na kudancin jihar nan, daga ƙauyukan Malumfashi da Ƙafur, sunayensu irin namu, rigarsu irin tamu, tuwonsu irin namu.

Tushen abin

Mutane da yawa suna zaton jiya-jiya ne Katolika ta san ƙasar Katsina. Alhali kuwa tun a 1710 waɗansu limamai biyu na ƙungiyar Faransiskan, Carlo Maria da Severino, suka taso daga Tarabulus tare da ayari, suka ratso Sahara ta Agadas, suka iso birnin Katsina a 1711. Ba su daɗe ba ciwo ya kama su, duka biyun suka rasu a nan, ba su bar coci ko mabiya ba. Sai bayan kusan shekara 200, a 1907, waɗansu limaman suka kafa zango a Shendam, can ƙasar Filato. Ƙasashen sarakunan Musulmi kuwa Gwamnatin Turawa ta rufe su ga 'yan mishan, bisa alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a sa baki cikin addinin jama'a ba. Saboda haka coci ta tsaya a sabon gari, wurin ma'aikatan reluwe da akawuna da fatake baƙi.

A 1953 Paparoma ya yanke lardunan Sakkwato da Katsina ya danƙa su ga limaman ƙungiyar Dominikan daga birnin Shikago na Amurka, ƙarƙashin Edward Lawton, wanda ya zama bishop na farko lokacin da yankin ya zama cikakkiyar dayosis a 1964. Bayansa aka yi Michael Dempsey, da Kevin Aje, da Matthew Hassan Kukah wanda ya kama aiki a 2011. Waɗannan limamai sun fi samun karɓuwa a ƙauyukan Maguzawa na wajen Malumfashi, kuma a can ne aka kafa makarantar horar da malaman coci, wadda har yau tana nan.

Ran 16 ga watan Oktoba, 2023, marigayi Paparoma Faransis ya ɓalle Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis mai zaman kanta, ya kuma naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop ɗinta na farko. An tabbatar masa da muƙamin ran 12 ga Disamba na wannan shekarar, kuma shi ne Bahaushe na farko da ya kai wannan matsayi a ɗariƙar. Ya yi karatu a Rum da Ostareliya a kan ilmin sadarwa, ya kuma koyar a Fatakwal kafin naɗin. Amma garken da aka ba shi kiwo ƙarami ne ƙwarai, bai kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na jama'ar jihar ba, kuma a warwatse yake tun daga Funtuwa har bakin iyakar Nijar.

Idan babu limami

Sai mai karatu ya fahimci abu guda kafin ya gane nauyin wannan warwatsuwa. A Musulunci, in mutum uku suka haɗu a daji lokacin salla ya yi, wanda ya fi sani sai ya shige gaba, salla ta yi. A Katolika ba haka abin yake ba. Babbar ibadarsu, wadda suke kira Mas, ba mai iya jagorantarta sai limamin da bishop ya naɗa bayan karatun shekara takwas ko tara, wanda suke kira Fada. Shi kaɗai ne ke tsarkake gurasa da ruwan inabin da suke karɓa, shi kaɗai ne ake zuwa wurinsa a furta zunubi a asirce, shi ne kuma ke shafa wa majiyyacin da ya yi nauyi mai. Dokar cocinsu ta wajabta musu halartar Mas kowace Lahadi, da furta zunubi aƙalla sau ɗaya a shekara. To, mutumin da ke zaune inda Fada ba ya zama, dole ɗayan biyu: ko ya kashe kuɗin mota zuwa babban gari, ko ya jira ranar da layi zai zo kansa limamin ya biyo ta wurinsu. Ga ƙaramin ma'aikaci mai mata da 'ya'ya uku, kuɗin motar zuwa da dawowa sau huɗu a wata, musamman bayan janye tallafin man fetur a 2023, ba ƙaramin yanki ba ne na albashi.

A nan ne malamin coci, wanda suke kira katikis, yake da muhimmanci. Shi ba limami ba ne, magidanci ne kamar kowa, yana da sana'arsa ko gonarsa. Ran Lahadin da Fada bai zo ba shi ne ke tara jama'a, a ɗakin ibada in akwai, in babu a tsakar gidan wani ko barikin ma'aikata, ya karanta ayoyin da aka tsara wa wannan rana, ya yi ɗan bayani, a yi addu'a da waƙa, a tara 'yar gudummawa, a watse. Shi ne ke koya wa yara tambayoyi da amsoshin addini, shi ke shirya masu niyyar aure, shi ke tsayawa a kan gawa in limami ya yi nisa. Inda ko katikis ɗin babu, sai wani malamin makaranta ko wata ma'aikaciyar jiyya su ɗauki nauyin. Dokarsu ma ta yarda cewa in jariri na bakin mutuwa, kowane mutum yana iya zuba masa ruwan baftisma. Ashe ke nan a ƙasa irin ta Baure addinin yana rataye ne a wuyan mabiya, kuma a cikin kwana bakwai na mako, shida da rabi ba mai ganinsu sai maƙwabta da abokan aiki.

Wani abin lura shi ne kalmar da suke amfani da ita. Lokacin da aka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932, masu fassarar ba su sami kalmar da ta fi "almajiri" dacewa da mabiyan Annabi Isa, wanda su Kirista ke kira Yesu Almasihu, ba. Don haka in ka ji ɗan Katolika yana maganar almajiranci, abin da yake nufi bai yi nisa da abin da Bahaushe ya sani ba: mutum ya bar gida, ya bi malami, ya koyi karatunsa, ya kuma kwaikwayi halinsa, har a riƙa gane malamin daga ɗabi'ar ɗalibin. Babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965 ya ƙarfafa wannan ma'ana, inda ya bayyana cewa tsarkin rai ba na limamai da sistoci kaɗai ba ne, kuma wurin aikin mabiyi na yau da kullum, ofis ne ko gona ko kanti, shi ne fagen ibadarsa. Wannan taro ne kuma ya buɗe ƙofar yin Mas da harshen jama'a maimakon Latin, shi ya sa yau ake yin ta da Hausa, da ganga da kacau-kacau.

Cikin gida

Ibadar cikin gida ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa zaman haya da su. Akwai addu'ar safe da ta dare, da ta kafin cin abinci da bayansa. Masu ƙoƙari suna tsayawa ƙarfe shida na safe, da sha biyu na rana, da shida na yamma, su yi wata gajeruwar addu'a ta tunawa da busharar da mala'ika ya kawo wa Maryamu. Da dare kuma iyali kan zauna su ja carbinsu, wanda suke kira rosari, mai ƙwaya 59. Na tuna muna makarantar kwana akwai wani yaro a ɗakinmu da ke ɓoye nasa a ƙarƙashin matashi, mu kuwa mun fi zango guda muna zaton carbin mahaifinsa ne ya ɗauko don tunawa da gida, sai ranar da muka ga ɗan gicciyen da ke lilo a jikinsa. Ba wanda ya ce masa komai, amma daga ranar in mun tashi sallar asuba mukan same shi a durƙushe bakin gadonsa, ya daina jira mu fita.

Suna da azumi na kwana 40 kafin bikin Ista, wanda ke farawa ran wata Laraba da ake shafa musu toka a goshi. Azumin nasu ya sha bamban da na Ramadan: ba a hana shan ruwa ba, kuma kwana biyu ne tak aka wajabta rage abinci zuwa ci ɗaya cikakke, watau ita Larabar toka da Jumma'ar da ke kafin Ista, ga wanda ya kai shekara 18 bai shiga shekara ta 60 ba. Amma kowace Jumma'a ta cikin kwanakin ba a cin nama, kuma ana so kowa ya zaɓi wani abin da ransa ke so ya bari, ya ba mabukata kuɗin. A 2025 azumin biyu sun haɗu, Musulmi suka ɗauka ran 1 ga Maris, 'yan Katolika suka shafa toka ran 5 ga wata, aka yi ta tafiya tare har ƙarshen watan.

A bakin aiki

Wurin da abin ya fi shafar masu karanta wannan shafi shi ne ofis. Babbar majami'ar Katolika ta birnin Katsina tana ɗauke da sunan Martin de Porres, wani baƙar fata ɗan baiwa 'yantacciya da ya rayu a birnin Lima na ƙasar Peru daga 1579 zuwa 1639. Bai taɓa zama limami ba. Aikinsa a gidan 'yan Dominikan shara ne da aski da jiyyar marasa lafiya, shi ya sa kullum ake zana shi riƙe da tsintsiya, amma a 1962 cocin ta sa shi cikin waliyyanta. Makarantar katikis ta Malumfashi kuwa sunan Joseph Mukasa aka sa mata, wanda shi ne shugaban barorin fadar Sarki Mwanga na Buganda, watau babban ma'aikacin hukuma a zamaninsa. Ya faɗa wa ubangidansa gaskiya a kan kisan da aka yi wa wani bishop baƙo da kuma lalata da yaran fada, aka kashe shi ran 15 ga Nuwamba, 1885. Waɗannan su ne irin mutanen da ake nuna wa yaro ɗan Katolika a ce ya yi koyi da su: mai shara da bafade.

Hatta manyan ƙungiyoyin mabiya guda biyu da ake samu kusan kowace coci, ba limamai suka kafa su ba. Ta Vincent de Paul, mai kula da matalauta, wani ɗalibin jami'a ne, Frederic Ozanam, ya kafa ta da abokansa a birnin Faris a 1833 yana ɗan shekara 20. Ta Rundunar Maryamu kuwa wani ma'aikacin gwamnati ne a Dublin, Frank Duff, ya fara ta a 1921, kuma ƙa'idarta ita ce a haɗu sau ɗaya a mako, a tura 'yan ƙungiya bibbiyu su ziyarci marasa lafiya da tsofaffi da waɗanda suka ja baya, mako mai zuwa kowa ya ba da rahoton abin da ya yi. Ga kuma Zumuntar Mata Katolika, wadda a Arewa ita ce ƙashin bayan kowace coci: su ne masu adashi, masu dafa abincin makoki, masu kwana a asibiti da matar da ba ta da kowa a gari.

To, yaya wannan koyarwa take a aikace a gari na bakin iyaka? Kowa ya san irin jarrabawar da ke jiran ma'aikaci a nan, musamman a lokutan da aka rufe iyaka, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sa'ad da buhun shinkafa da jarkar mai suka zama abin ɓoyo. A Linjilar Luka, sura ta 3, an ba da labarin yadda masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Annabi Yahaya abin da za su yi, ya umurci na farkon kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, na biyun kuma kada su ƙwace na mutane, su wadatu da albashinsu. Ɗan Katolika mai kaki yana jin wannan karatu a cocinsa. Bugu da ƙari, a koyarwarsu wanda ya ci dukiyar wani bai isa ya je ya furta wa Fada kawai ya tashi ba, sai ya ƙudurta mayar da abin ga mai shi gwargwadon ikonsa. Haka abin yake ga malamin da ke sa hannu a rajista ya tafi sabgarsa, da mai kantin maganin da ke goge kwanan wata a jikin kwalba, da ma'aikaciyar asibitin da ke tsawata wa matar ƙauye don ba ta jin Turanci.

Ba muna cewa duka suna cika wannan ba ne. Akwai wanda rosari na wuyansa hannunsa kuma na cikin aljihun direba, kamar yadda akwai mai tabon salla a goshi da ke yin haka. Bambancin kawai shi ne ɗan tsiraru ba shi da inda zai ɓuya. In Musulmi ya ci amana a Baure, sai a ce wane ya ci amana. In ɗan Katolika ya ci, sai a ce halinsu ke nan. Haka kuma in ya riƙe gaskiya, shekara goma bayan an canja masa wurin aiki tsofaffin gari suna ambatonsa, ko da sun manta sunansa sai dai su ce malamin nan Kirista. A ganinmu wannan nauyi ya fi ƙarfin adalci, amma haka zaman yake, kuma masu hankalin cikinsu sun san da shi.

Zaman maƙwabtaka

Wanda ya zauna lafiya a cikinsu, za ka tarar ya koyi abin da mutanen ƙasar Daura suka fi ba muhimmanci, watau gaisuwa. Yana zuwa ta'aziyya ya zauna a tabarma, yana zuwa suna da ɗaurin aure, yana yi wa dattijo barka da shan ruwa, ba ya cin abinci a bainar jama'a da rana cikin Ramadan, matarsa kuma tana yafa gyale in za ta kasuwa. Ran babbar salla kwanukan nama na shigo masa, ran Kirsimeti shi kuma ya kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa kaza ko akuya, don shinkafar ta shiga kowane gida ba tare da wani ya yi ɗar-ɗar ba. Wannan tsohuwar al'ada ce a Arewa, ba wata hukuma ta tsara ta ba. Amma cocin ta ba ta goyon baya a rubuce, domin a wata takarda da taron Batikan ya fitar ran 28 ga Oktoba, 1965, an bayyana girmamawa ga Musulmi saboda bautar Allah ɗaya, da salla da zakka da azumi, da darajar da suke ba Annabi Isa da mahaifiyarsa, aka kuma yi kira da a bar tsohuwar gaba. Cikin limaman Dominikan da suka yi aiki a wannan yanki har akwai Joseph Kenny, wanda ya ƙware a Larabci da ilmin tauhidin Musulunci, ya koyar da su shekaru da yawa a Jami'ar Ibadan, ya rasu a 2013.

Akwai kuma waɗanda ba su koyi wannan ba. Sai mutum ya shekara biyar a gari bai iya amsa "ina kwana" ba, daga ofis sai bariki, yana ƙirga kwanakin da suka rage a mayar da shi kudu. A ɗaya gefen, mu ma muna da namu laifin. Kalmar "arne" har yanzu tana fita daga bakin yara, kuma ba su ne suka ƙago ta ba. Akwai mai gidan hayar da in ya ji sunan mai nema sai ɗakin ya zama an riga an kama. Bahaushe Kirista shi ya fi shan wahalar wannan, don baƙo ana yi masa uzurin baƙunta, shi kuwa ana ganinsa kamar ɗan gida da ya juya baya, alhali sau da yawa kakanninsa Maguzawa ne da ba su taɓa shiga Musulunci ba.

Aure shi ne wuri mafi tsauri. Katolika mace ɗaya ta yarda da ita, kuma ba saki. Auren wanda ba Kirista ba sai da izinin bishop, tare da alkawarin ƙoƙarin rainon 'ya'ya cikin addinin. A garin da samari da 'yan matan ɗariƙar ba su cika tafin hannu ba, iyaye da yawa kan tura 'ya'yansu mata wurin dangi a Kaduna ko Jos da zarar sun tasa, abin da ke ƙara rage yawan jama'ar da ta riga ta yi kaɗan.

Batun karatun yara shi ma yana nan. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini, ya kuma hana a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba na iyayensa ba. Amma hana tilastawa daban, samar da malami daban. Inda ɗalibai Kirista ba su wuce uku ko huɗu a makaranta ba, da wuya a turo malamin darasin addininsu, sai su zauna a gindin bishiya har a gama, ran jarrabawa kuma su nemi wani darasin su cike gurbi. Mun ga wannan abu ne mai sauƙin gyara, in hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma za ta haɗa makarantu uku ko huɗu masu kusa da juna ta ba su malami ɗaya, ko da daga cikin masu yi wa ƙasa hidima ne. A farkon 2025 kuma, lokacin da aka rufe makarantu saboda azumi a jihohin Katsina da Kano da Bauci da Kabi, taron bishop-bishop na Katolika na Nijeriya ya fito ya nuna rashin amincewa, yana mai cewa makonni biyar hasara ce ga yankin da ya fi kowane yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Masu goyon bayan matakin kuwa suka ce an tsara shi ne cikin kalandar karatu saboda zafin rana da wahalar azumi. Maganar ba ta mutu ba, za ta sake tasowa duk shekarar da watan ya faɗo tsakiyar zango.

Ta fuskar tsaro, ƙasar Daura ta fi kudanci da yammacin jihar samun sauƙi, amma abin da ke faruwa can yana taɓa na nan, domin daga can ne limamai da katikis ke fitowa. Daren 20 ga Mayu, 2021, 'yan bindiga suka shiga gidan limamai na cocin Vincent Ferrer a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da tsoho Fada Joe Keke, wanda aka sako daga baya. Ran 25 ga Mayu, 2022, aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara a Gidan Maikambu cikin ƙasar Ƙafur, suka yi fiye da wata guda a daji. Su dai waɗannan miyagu ba su tambayar addini, gama a watan Agustan 2025 sun buɗe wa masu sallar asuba wuta a masallacin Unguwar Mantau, duk a ƙasar Malumfashi, suka kashe mutane da dama. Sai dai a dayosis mai limamai ƙalilan, rasa guda ɗaya na nufin ƙauyuka da garuruwa da yawa za su ƙara jiran watanni kafin su ga Mas.

Shi ya sa a ƙananan tarurrukan nan na gefen jiha, abin da aka fi kiyayewa shi ne wani ɗan littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, inda ake sa sunan wanda aka haifa, da wanda ke jiran baftisma, da masu niyyar aure, da majiyyacin da ke son ganin Fada, da kuɗin da aka tara kowace Lahadi. Ranar da limami ya iso, littafin ake fara miƙa masa. Ranar kuma da takardar canjin wurin aiki ta zo wa mai riƙe da shi, kafin ya ɗaure katifarsa sai ya nemi wanda zai danƙa wa, ko da ɗan hidimar ƙasa ne da saura wata bakwai ya tafi.